Dabbobin Gwaji Da Sirrin Rukunin Jini A Aikin Dashen Ƙoda Da Zuciya

  



Gabatarwa

Ciwon ƙoda ya zama ruwan dare a ƙasar nan. Da wuya a sami wani a cikin wannan zaure da ba a taɓa miƙa masa takardar neman taimakon mai wankin ƙoda ba. Sau da yawa kuma akan kai matsayin da likita zai ce dashe ne kaɗai mafita, a sami ɗan'uwa mai zuciyar bayarwa, a auna shi, sai a dawo gida da labarin cewa jininsu bai zo ɗaya ba. Daga nan sai gwiwar dangi ta yi sanyi.

Manufar wannan jawabi ita ce bayyana abin da ake nufi da rashin dacewar jini, da dalilin da ya sa yake hana dashe, da kuma yadda masana suka shafe fiye da shekara ɗari suna gwaji a kan dabbobi har suka rage tsawon wannan katanga. Ni malamin makaranta ne, saboda haka zan bi abin daki-daki yadda aka saba a aji.

Mene ne rukunin jini?

Tun da daɗewa mutane ke marmarin ƙara wa majinyaci jini. A 1667 wani likitan Faransa, Jean-Baptiste Denys, ya ƙara wa wani yaro jinin ɗan rago, yaron ya rayu, ga alama saboda ƙanƙantar abin da aka zuba masa. Wani mutum kuwa da ya ƙara wa jinin maraƙi ya rasu, kuma ba a daɗe ba hukuma ta hana wannan aiki. Aka yi fiye da shekara 200 ba a san dalilin da ya sa wani jini ke karɓar wani, wani kuma ya ƙi ba.

A 1901 Karl Landsteiner, a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, ya riƙa gauraya jinin abokan aikinsa, ya lura cewa wani gaurayen yana cuɗewa ya yi guda-guda, wani kuma yana zama lafiya. Ta haka ya gano rukuni uku, waɗanda a yau muke kira A da B da O. A shekarar da ta biyo baya abokan aikinsa suka gano na huɗu, wato AB. Wannan aiki ya ba shi lambar yabo ta Nobel a 1930.

Abin da ke faruwa shi ne, a jikin kowace jar ƙwayar jini akwai wani tambari, wanda masana ke kira antijin. Ku ɗauke shi kamar tsagar gado da kakanninmu ke yi a fuska domin a gane ɗan gida a rarrabe shi da baƙo. Tambarin nan wani nau'in sukari ne. Mai rukunin A yana da tambarin A, mai B yana da na B, mai AB yana da duka biyun, mai O kuwa ba shi da ko ɗaya. A cikin ruwan jini kuma akwai dakarun garkuwar jiki, wato antibodi, masu farmakin duk tambarin da mutum ba shi da shi. Shi ya sa mai O ke iya ba kowa amma ba ya karɓa sai daga mai O, mai AB kuma ke karɓa daga kowa. Kusan rabin mutanen Nijeriya masu O ne.

A nan ya kamata a yi hattara, domin mutane da yawa na rikita rukunin jini da gwajin da ake yi kafin aure, mai nuna AA ko AS ko SS. Wancan na cutar sikila ne, kuma harkarsa dabam ce.

Ina ruwan ƙoda da rukunin jini?

Mai tambaya zai ce, ai ƙoda tsoka ce, kuma akan wanke jinin da ke cikinta kafin a dasa ta. Gaskiya ne. Sai dai tambarin A da B bai tsaya a ƙwayoyin jini kaɗai ba. Yana nan shimfiɗe a bangon ciki na jijiyoyin jinin da suka ratsa ƙoda da zuciya da hanta da huhu. Idan aka dasa wa mai O ƙodar mai A ba tare da wani shiri ba, da zarar jininsa ya shiga cikinta dakarun sai su afka wa jijiyoyin, jini ya daskare a ciki, ƙodar ta kumbura ta yi baƙi. Wannan na iya faruwa cikin mintoci ko sa'o'i kaɗan, wani lokaci tun likita bai ɗinke ciki ba.

Dashen ƙoda na farko da ya yi nasara mai ɗorewa shi ne wanda Joseph Murray ya yi a Boston ta Amurka a watan Disamba na 1954, kuma tsakanin tagwaye ne 'yan ƙwai ɗaya, waɗanda jikinsu ba ya ganin juna a matsayin baƙo. Ga sauran mutane kuwa, sai likitoci suka kafa ƙa'ida cewa sharaɗin farko na dashe shi ne dacewar rukunin jini. Tambayar da ta rage ita ce ko akwai hanyar ƙetare wannan sharaɗi. Irin wannan tambaya ba a fara neman amsarta a jikin ɗan Adam, domin rai ba abin gwaji ba ne. A nan dabbobi suka shigo.

Darasi daga kare, zomo da biri

Ɗinkin jijiyar jini da jijiya, wanda ba a dashe sai da shi, Alexis Carrel ne ya inganta shi a farkon ƙarni na 20 ta hanyar aiki a kan karnuka da kyanwoyi, ya kuma sami lambar Nobel a 1912. Amma kare yana da nasa rukunan jini waɗanda ba irin namu ba ne, saboda haka ya koyar da hannu aikin fiɗa, bai warware matsalar A da B ba.

A 1940 Landsteiner da Alexander Wiener suka yi wa zomaye allurar jinin wani biri na nahiyar Asiya mai suna risos. Dakarun da jikin zomayen ya samar sai suka cuɗe jinin mafi yawan mutanen da aka gwada. Daga sunan wannan biri aka sami Rh, wato alamar tarawa ko ta ɗebewa da kuke gani a gefen O ko A a katin asibiti. Tambarin Rh a ƙwayoyin jini yake zaune, ba ya cikin bangon jijiyoyin ƙoda. Don haka yana da muhimmanci wajen ƙarin jini da goyon ciki, amma ba ya hana dashen ƙoda. Mai O da alamar ɗebewa zai iya karɓar ƙodar mai O da alamar tarawa.

Darasi daga 'yan tsaki

Abin mamaki ne a ce mutumin da ba a taɓa ƙara wa jini ba yana ɗauke da dakarun yaƙar jinin da bai taɓa haɗuwa da shi ba. Daga ina suka fito? A 1959 Georg Springer da abokan aikinsa a Amurka suka yi kiwon 'yan tsaki a wurin da aka tsarkake daga dukkan ƙwayoyin bakteriya. Waɗannan 'yan tsaki ba su samar da dakarun yaƙar tambarin B yadda kajin da ke kiwo a waje ke yi ba. Da aka ciyar da su wata bakteriyar hanji mai ɗauke da sukari mai kama da tambarin B, sai dakarun suka bayyana da yawa. Wannan ya ƙarfafa fahimtar cewa ba a haifar jariri da nasa dakarun. Cikin watannin farko na rayuwa yake samar da su, bayan ƙwayoyin bakteriya sun zauna a hanjinsa.

Darasi daga tagwayen maruƙa

Wannan darasi zai fi daɗi ga masu kiwo a cikinmu. A 1945 Ray Owen na Jami'ar Wisconsin ya binciki jinin tagwayen shanu waɗanda ba 'yan ƙwai ɗaya ba. Ya gano cewa saboda jijiyoyin mabiyiyarsu kan haɗu tun suna ciki, kowane ɗaya yana girma da jini iri biyu, nasa da na ɗan'uwansa, kuma jikinsa ba ya yaƙar baƙon. Peter Medawar da abokan aikinsa a Ingila suka gano cewa irin waɗannan tagwaye suna karɓar dashen fatar juna. A 1953 suka maimaita abin da gangan a kan ɓeraye: suka sa wa 'yan tayi ƙwayoyin wani ɓera dabam, da suka girma sai suka karɓi fatarsa ba gardama. Darasin shi ne garkuwar jiki koyo take yi, kuma abin da ta saba da shi tun tana ɗanya takan ɗauke shi ɗan gida. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Medawar ya sami lambar Nobel a 1960.

Amfanin darasin 'yan tsaki da na maruƙa ya fito fili a birnin Toronto na Kanada. Jarirai masu ciwon zuciya suna mutuwa suna jiran zuciyar da ta dace da jininsu. Likita Lori West ta yi nazarin cewa tun da jariri bai riga ya samar da dakarun ba, babu abin da zai yi farmakin nan take. Daga 1996 ita da abokan aikinta suka fara dasa wa jarirai zuciyar da rukuninta ya saɓa wa nasu, kuma a 2001 suka fitar da sakamakon jarirai goma na farko, wanda ya nuna hanyar tana aiki. Daga baya suka gano cewa yaran na girma ba tare da jikinsu ya samar da dakarun yaƙar rukunin zuciyar da aka ba su ba, tamkar dai maruƙan Owen.

Darasi daga gwaggon biri

Wata dabba da ta yi kusa da mu a wannan fage ita ce gwaggon birin nan mai dogon baki irin na kare, wanda danginsa suka cika gandun dajin Yankari. Yana da tambarin A da B a yawunsa da kuma bangon jijiyoyin jininsa, yana kuma da dakarun yaƙar wanda ba shi da shi. Bambancinsa da mu shi ne tambarin kusan babu shi a jajayen ƙwayoyin jininsa, har ma ta yawu ko ƙwayoyin cikin kumatu ake gane rukuninsa. Rukunin O kuma yana da wuyar samu a cikinsu.

A 1984, a asibitin Loma Linda da ke jihar Kalifoniya, likita Leonard Bailey ya dasa wa wata jaririya, wadda duniya ta sani da laƙabin Baby Fae, zuciyar irin wannan biri. Ta rayu kimanin mako uku. Jininta O ne, birin kuwa AB, kuma daga baya likitan da kansa ya lissafa wannan saɓani cikin manyan abubuwan da suka kawo cikas.

A ƙarshen shekarun 1980 da farkon na 1990 David Cooper da abokan aikinsa suka riƙa dasa zuciya tsakanin birai masu rukuni mabambanta domin su ga yadda farmakin ke aukuwa. Sun kuma gwada wata dabara: suka riƙa zuba wa birin da aka yi wa dashe sukarin tambarin A ko B da aka haɗa a ɗakin bincike ta cikin jijiya. Dakarun sai su shagala da wannan sukari mai yawo a jini, zuciyar ta sami sararin kwanaki. Wannan ya tabbatar da cewa sukarin nan shi ne ainihin abin da ake hari, kuma idan aka kau da dakarun a kwanakin farko, sashen da aka dasa na iya tsira.

A daidai wannan zamani likitoci ma ba su zauna ba. Guy Alexandre a Beljiyam, cikin shekarun 1980, ya riƙa tace ruwan jinin majinyaci da na'ura domin kwashe dakarun, ya cire saifa, sa'an nan ya dasa ƙodar da rukuninta ya saɓa. Japan, inda ba a cika samun ƙodar mamaci ba, ta rungumi wannan hanya daga 1989. A farkon shekarun 2000 likitocin Suwidin suka nuna cewa wani magani mai suna rituximab zai iya maye gurbin cire saifa. An kuma lura da wani abin al'ajabi: bayan makonnin farko, ko da dakarun sun dawo, sau da yawa ba sa cutar da ƙodar. Ana ci gaba da binciken sirrin wannan zaman lafiya a jikin birai da kuma ɓerayen da aka sauya wa ƙwayoyin gado domin jijiyoyinsu su ɗauki tambarin A irin na mutum, tun da ɓera a halittarsa ba shi da tsarin A da B irin namu.

Darasi daga alade

Na san ambaton wannan dabba ba ya yi wa kunnenmu daɗi, amma ilimi ba ya son ɓoye-ɓoye. Masana sun karkata gare ta ne saboda girman ƙodarta da zuciyarta ya yi kusa da namu. Matsalar ita ce jijiyoyinta na ɗauke da wani sukari da ake kira Gal, wanda ƙirarsa ta yi kama da tambarin B. Mutum da biran Afirka da Asiya ba su da shi, kuma dukkansu suna da dakarun yaƙarsa, kamar yadda Uri Galili ya bayyana cikin shekarun 1980. Ke nan a wurin garkuwar jikinmu wannan dabba tamkar mai wani rukunin jini ce da bai dace da kowa ba.

A 2002 aka haifi aladu na farko da aka cire musu ƙwayar gadon da ke ƙera wannan sukari baki ɗaya. Aka riƙa dasa zuciyarsu a jikin gwaggon biri. A 2016 masu bincike a Amurka suka ba da rahoton wata da ta yi kwana 945 tana bugawa a cikin cikin biri, tare da zuciyarsa ta asali tana nan. A 2018 masu bincike a birnin Munich na Jamus suka maye gurbin zuciyar birin ɗungurungum, wani ya kai kwana 195. Sai a watan Janairu na 2022 aka dasa wa mutum irin wannan zuciya a Jami'ar Maryland, ya rayu wata biyu. A watan Maris na 2024 aka dasa wa wani mai rai irin wannan ƙoda a Boston, kuma a 2025 wani majinyacin ya yi kusan wata tara da ita kafin a cire. Waɗannan duk gwaji ne. Hukuncin amfani da su ga Musulmi a halin lalura kuwa magana ce ta malamai, su za a tambaya.

Akwai kuma wata hanya da ba ta buƙatar sashen dabba. A 2022 masu bincike a Toronto suka ratsa huhun mutum mai rukunin A da wani sinadari da aka samo daga bakteriyar hanji, ya aske tambarin, huhun ya koma kamar na mai O. A shekarar 2022 ɗin kuma aka yi makamancin haka da ƙoda a Jami'ar Kambirij ta Ingila.

Iyakar gwajin dabba da haƙƙinta

Dabba ba mutum ba ce. Ɓera sai an sauya masa gado kafin ya yi kama da mu, biri kuma jininsa ba ya ɗauke da tambarin yadda namu yake. Shi ya sa abin da ya yi aiki a biri na wata shida kan iya gazawa a mutum cikin wata biyu. Gwajin dabba haske ne da ke nuna hanya, tafiyar kuwa sai an yi ta a hankali.

Har ila yau, waɗannan bayin Allah suna jin zafi. Tun 1959 masana biyu a Ingila, William Russell da Rex Burch, suka shimfiɗa ƙa'idoji uku: a nemi madadin dabba in akwai, a rage yawan waɗanda ake amfani da su, a kuma sauƙaƙa musu wahala. Wannan ya dace da tarbiyyar addininmu, wadda ta hana azabtar da dabba ko da a wurin yanka ne.

Abin da ya shafe mu

An fara dashen ƙoda a Nijeriya a 2000 a asibitin St Nicholas da ke Legas, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano kuma ya fara a 2002. Kusan duk ƙodar da ake dasawa a ƙasar nan daga mai rai take fitowa, galibi ɗan'uwa. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1988, ta halatta dashe bisa sharuɗɗa ta kuma haramta sayar da sassan jiki. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ita ma ta hana wannan ciniki. Bisa haka nake ba da shawarwari huɗu.

Na farko, kowane magidanci ya san rukunin jininsa da na iyalinsa, a rubuta a adana. Gwajin ba ya cin lokaci, kuma ranar buƙata ba ta sallama.

Na biyu, idan aka ce jinin mai bayarwa bai dace ba, kada a naɗe tabarma. A tambayi likitan ƙoda ko akwai damar tace dakarun kafin dashe, ko kuma musaya tsakanin iyali biyu, inda mai bayarwa na wannan gida zai ba majinyacin wancan, na wancan ya ba na wannan. A sani cewa hanyar tacewa ta fi tsada, tana ƙara haɗarin kamuwa da cututtuka, kuma ba kowane asibiti ke yin ta ba. Amma tambaya ba ta ɓata komai, kuma matambayi ba ya ɓata.

Na uku, rigakafi ya fi magani. Hawan jini da ciwon suga su ne kan gaba wajen lalata ƙoda, sai kuma shan magungunan kashe zafi barkatai da haɗe-haɗen da ba a san abin da ke ciki ba. Ina roƙon ƙungiya ta sa awon hawan jini da suga da rukunin jini cikin shirin taronta na kowace shekara, da taimakon 'ya'yanmu ma'aikatan lafiya.

Na huɗu, mu kula da darussan kimiyya a makarantun garinmu. Owen ɗan manomi ne da ya tashi cikin kiwon shanun madara, kuma lura da tagwayen maruƙa ce ta buɗe ƙofar da jarirai suka tsira ta cikinta bayan shekara 50. Yaran da ke kora shanu a bayan garin nan ba su gaza shi basira ba. Ɗakin gwaji da malami nagari suke nema, kuma ku da Allah Ya buɗa wa a birni ku ne za ku samar musu.

Kammalawa

Daga gaurayen jinin Landsteiner a 1901 zuwa yau, kowane mataki an gina shi ne a kan wanda ya gabace shi, da haƙuri da kuma rayukan dabbobi masu yawa. Sakamakon shi ne saɓanin rukunin jini, wanda a da yake rufe magana, yanzu matsala ce da likita zai zauna ya duba hanyar magance ta. Wanda ya san haka ba zai yi saurin yanke ƙauna ga ɗan'uwansa ba.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya saka wa masu jinya da masu bayarwa da alheri, Ya ƙara haɗa kan 'ya'yan wannan gari, Ya kuma mai da kowa gidansa lafiya.